Shekara Guda a Bayan Cocin Jamusawa

Na sauka a filin jirgin Chicago wata ranar Talata da hantsi, da jaka ɗaya a hannu da takarda a aljihun gaba wadda ta ce wani zai tarye ni riƙe da allo mai sunana. Na tsaya a bakin ƙofar fitowa ina karanta allunan mutane har aka kwashe kowa. Babu allon da aka rubuta Umaru. Na kira lambar ejan ɗinmu na Kano, wani da muke ce wa Oga Tanimu, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na kira lamba ta biyu da ke jikin takardar, wata mata ta ce in hau bas, ta faɗi sunan gari sau biyu, ta kashe.

Ni ɗan Fulatan ne, ta ƙasar Rogo. Gidanmu noma ne da kiwo, Fillanci a cikin gida, Hausa a waje. Na yi difloma kan lafiyar dabbobi, na share shekara huɗu ina tsaron shagon maganin dabbobi na wani mutum a Karaye. Oga Tanimu ya ce akwai kwas na shekara guda a Amurka, a gonar shanun madara, kana koyo ana biyanka. Mahaifina, wanda muke kira Baffa, ya saurare ni har ƙarshe ranar da na gaya masa. Bayan kasuwa biyu na ga babu bijimai biyu a garke. Abin da ya ce mini kawai shi ne, "Je ka gano mana abin da suke ba shanunsu."

Bas ya yi awa tara yana tafiya cikin gonaki. Ƙasa baƙa, a shimfiɗe, ba dutse ba tudu, kuma ba mutum ko ɗaya a ciki. A wajenmu, duk nisan gona sai ka hango wani a sunkuye. A nan sai dai tarakta can nesa, ba ka ganin mai tuƙa ta. Na yi ta jira in ji tsoro ko murna, babu wanda ya zo. Ƙafata ce kawai ta yi sanyi.

A tashar ƙarshe wani mai akori-kura ya ɗauke ni. Tun kafin mu isa gonar warin ya shigo motar. Na san warin garke, a ciki na tashi. Wannan daban ne. Da aka buɗe ƙofar doguwar rumfar, sai na ga aladu, layi bayan layi, har inda idona ya tsaya.

Na ce wa manajan, cikin Turancin da nake da shi, an yi kuskure, shanu aka ce mini. Ya jawo takardata ya ɗora yatsa a kan wani layi.

"Nan an rubuta kiwon dabbobi. Waɗannan dabbobi ne."

"Ni Musulmi ne."

"Ban tambaye ka ba. Bizarka da sunan gonar nan take. In ka bar nan, ka bar bizar."

Kwana goma sha ɗaya na yi. Ina wanke ɗakunansu da tiyo, ina kwashe waɗanda suka mutu. In na dawo ɗaki sai in yi wanka sau biyu, in sa rigar da na ɓoye cikin leda don salla, duk da haka ina jin warin a hancina in na yi sujada. Burodi da shayi kaɗai nake iya haɗiyewa. A rana ta goma Oga Tanimu ya ɗauki waya.

"Haba Malam Umaru! Ai ba ci aka ce ka yi ba. Wasu nema suke ba su samu ba."

Na ce, "Kai da kanka ka zauna a gaban mahaifina ka ce shanu."

Ya ce sabis ba shi da kyau. Daga ranar lambar ba ta sake shiga ba.

A rana ta goma sha biyu na rataya jakata na hau titi. Ban san inda za ni ba. Ƙasar ba a tafiya da ƙafa a cikinta, duk motar da ta wuce sai ta rage gudu a dube ni, sannan ta ƙara wuta. Wajen la'asar na hango wani farin gini mai doguwar hasumiya, shi kaɗai a tsakiyar gonaki, ga maƙabarta a gefensa. Na san coci ne. Abin da ya ja ni famfon da ke bakin shingen ne. Na sha, na yi alwala, na shimfiɗa rigar sanyi a kan ciyawa daga wajen shinge, na ta da salla. Akwai wani tsoho a cikin maƙabartar a kan ƙaramin injin yankan ciyawa. Ina raka'a ta farko na ji ya kashe injin. Bai sake tayarwa ba har na sallame.

Ya zo bakin shinge yana ɗingishi, ya dube ni, ya dubi jakar.

"Daga gonar aladu kake," in ji shi. "Iska ta gaya mini tun kana nesa. Ka ci abinci?"

Sunansa Walter, shekararsa tamanin da huɗu, shi ne mai kula da cocin. Ya kai ni gidan ƙanwarsa Irma, tsohuwar malamar makaranta, siririya, mai gilashi rataye da igiya a wuya. Ta ji labarin a tsaye. Ta ɗauko kasko, ta wanke shi a gabana, ta sake wankewa, ta nuna mini kwalbar mai in karanta da kaina, sannan ta soya ƙwai da dankali. Ina ci tana kan waya. Sati uku ta yi tana kiran ofishin da ya shirya kwas ɗin, kullum da safe, da muryar da nake jin da ita take tsawata wa ɗalibai. Ban san abin da ta gaya musu duka ba. Na dai san an mayar da takardata kan gonar Kurt, ɗan Walter, wanda yake da shanun madara a hayin rafi.

Ɗakin da suka ba ni tsohon gidan fasto ne, a bayan cocin, shekaru ba kowa a ciki. Na kira gida kafin in kwanta a ciki. Ban gaya wa Baffa zancen aladu ba, na ce dai an canza mini gona, kuma masaukina a harabar coci yake.

Ya ce, "Suna hana ka salla?"

"A'a, Baffa."

"To ɗaki ne. Yaya shanun?"

Shanun manya ne, baƙi da fari, ba tozo ba ƙaho, kowace da lamba a kunne maimakon suna. Inji ke tatsarsu, da asuba da yamma. Kurt mutum ne mai ƙarancin magana. Ranar da na taɓa hantsar wata saniya na ce masa tana shirin ciwo, injin kuma bai nuna ba sai bayan kwana biyu, daga nan ya daina bina a baya yana duba aikina.

Ranar Asabar ina taya Baba Walter aikin maƙabarta, don ƙafarsa ba ta barinsa ya durƙusa. A nan na fara jin tarihin wurin, ba don na tambaya ba. Shi dai ba ya iya wuce kabari bai ce wani abu ba. Kakannin kakanninsa daga arewacin Jamus suka zo, fiye da shekara ɗari da hamsin, manoman da ba su da gonar kansu a can. Suka hau jirgin ruwa, suka hau jirgin ƙasa har inda layin ya ƙare, suka ƙarasa da keken shanu. 'Yan gidaje ne kaɗan, duk daga ƙauyuka biyu. 'Yan Lutaran ne, ɗariƙar da na taɓa ganin allonta a Numan lokacin da na raka wani abokina biki. Da farko a ɗakin wani suke taruwa ranar Lahadi, mai iya karatu ya karanta musu wa'azi daga littafin da suka zo da shi. Fasto sai bayan watanni yake ratsowa a kan doki, ya ɗaura auren da ya taru, ya yi wa jariran da suka taru baftisma, ya yi addu'a a kan waɗanda aka binne ba ya nan, ya wuce.

A kusurwar arewa akwai layin ƙananan duwatsu, rubutun ya kusa gogewa. Walter ya ce hunturu na biyu da zuwansu ciwon maƙogwaro ya shiga yara. Daga yadda ya kwatanta na gane mashaƙo ne. Wani gida yara huɗu cikin sati biyu. Uban ya ba da wannan kusurwar ta gonarsa aka binne su, kuma saboda kaburburan aka gina cocin a nan.

"Mutanen kudancin rafi sun so a gina a wajensu," in ji shi. "An yi shekara uku ana faɗa. Wasu ba su sake gaisawa ba har suka mutu. Ga su nan, kusa da kusa. Cire mini ciyawar nan, Umaru."

Na cire. Ina jin labarin kamar ana karanta labarai a rediyon maƙwabta.

Ita Mama Irma littafi take rubutawa na tarihin cocin. Tana da tsofaffin kundayen rajista, manya, bangonsu fata, an rubuta su da wani irin rubutun hannu na Jamusanci mai kama da ƙaya. Duk yankin ita kaɗai ta rage mai iya karanta shi, kakarta ce ta koya mata. Idonta ya fara rauni, don haka ranar Lahadi da yamma nakan riƙe mata fitila da madubin ƙara girma, ina juya shafi, tana fassarawa da ƙarfi tana rubutawa. Haihuwa, aure, mutuwa, da sunan wanda ya haƙa kabari. Cocin farko na gungumen itace ne, tsawa ta ƙone shi. Na biyun shi ne wannan. Ƙararrawar da ke hasumiya mata ne suka saya da kuɗin ƙwai da man shanu, bayan maza sun ce ba ta zama dole ba. A da maza dama suke zama, mata hagu. Da na ce haka muke har yanzu, sai ta cire gilashi ta dube ni, ta ce kakarta da ta ji daɗin wajenmu.

Akwai shafin da rubutun ya canza a tsakiya. Sama Jamusanci, ƙasa Turanci, hannu ɗaya. Ta ce lokacin da Amurka ta shiga yaƙi da Jamus ne. Wata safiya aka tarar an shafa wa ƙofar cocin fenti rawaya, alamar maciya amana. 'Ya'yansu na can a fagen yaƙi cikin sojan Amurka, amma maƙwabta ba su duba wannan ba. Dattawa suka zauna suka ce daga yanzu wa'azi da Turanci.

"Kakata ba ta jin Turanci," in ji ta. "Ta yi shekara ashirin tana zuwa kowace Lahadi, tana zaune a bencin can, ba ta gane ko kalma. Da na tambaye ta me ya sa take zuwa, ta ce to ina za ta je?"

Ranar Lahadi da safe, in na dawo daga tatsa, ina ganinsu ta tagata. Motoci shida, wani lokaci bakwai. Mutum goma sha huɗu, babu wanda gashinsa bai yi fari ba in ban da Kurt. Ginin zai ɗauki ɗari biyu. Yaransu sun tafi birane, gonaki sun koma hannun manyan kamfanoni irin mai aladun. Fastonsu mace ce, tana zuwa sati biyu sau ɗaya, don coci uku take riƙe da su. Ban taɓa shiga lokacin ibadarsu ba, ba su kuma taɓa cewa in shiga ba. In sun tashi sai in tarar da kwano a bakin ƙofata, da 'yar takarda a kai an rubuta babu alade.

Sanyi ya shigo a watan Nuwamba. Ban san yadda zan kwatanta shi ga mutanen gida ba. Ruwan da ya zuba a takalmi yakan daskare kafin ka kai ƙofa. Dusar ƙanƙara ta rufe gonaki, ta rufe ƙananan duwatsun maƙabarta, duniya ta koma fara fat, ba ƙarar tsuntsu. A lokacin ne yayana Hamidu ya ce mini Baffa ba ya jin daɗi, an kai shi asibiti a Karaye an dawo. Na ce a ba shi wayar.

"Baffa, yaya jikin naku?"

"Da sauƙi. Zazzaɓi ne."

"In taho?"

"Ka taho ka yi me? Kai likitan shanu ne." Ya yi dariya, tari ya katse ta. "Saura wata nawa?"

"Huɗu."

"Ka gama abin da ya kai ka."

Na san in na fita ba zan iya dawowa ba, ba satifiket, ba komai, sai bijiman da aka sayar a banza. Na kira Inna daban, ta ce da sauƙi. Na kira Hamidu, ya ce da sauƙi. Na yarda, don yardar ta fi mini sauƙi. Kullum ina kira, wani lokaci a ce yana barci.

Wata safiyar Alhamis a Janairu, mun gama tatsa ina wanke bututun madara, waya ta yi ƙara. A gida azahar ta wuce.

"Umaru," in ji Hamidu, "sai haƙuri. Baffa lokaci ya yi. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Na ji bakina ya faɗa daidai. Na tambayi wa ya yi masa salla, ya gaya mini. Na tambayi ko an samu jama'a, ya ce har daga Zoza an zo. Na ce to. Na mayar da wayar aljihu na ci gaba da wanke bututun, don in aka bar shi madarar za ta daskare a ciki. Sai da na gama, na share ƙasa, na zuba wa maruƙa abinci, sannan na ce wa Kurt mahaifina ya rasu. Ya cire hularsa ya tsaya riƙe da ita. Ni kuwa ina kallon tururin da ke fita daga bakinsa.

Da rana Baba Walter ya zo ɗakina. Ya zauna bai cire rigar sanyi ba.

"Shekararsa nawa?"

"Ban sani ba daidai. Ba a rubuta ba. Zai haura saba'in."

"A nan, in mutum ya rasu, ana kaɗa ƙararrawa sau ɗaya ga kowace shekararsa. Manomi yana gona sai ya tsaya ya ƙirga, ya san wa ya tafi. In ka yarda zan kaɗa masa saba'in."

 Na san abin da ya miƙo mini shi ne mafi girman abin da yake da shi. Na ce, "Baba, na gode. Amma mu ba ma yi. Ba zai so ba."

Bai nuna ya ji haushi ba. Ya gyaɗa kai. "To me kuke yi?"

Na gaya masa ana zama kwana uku a ƙofar gida, mutane suna zuwa su zauna tare da kai, su ce sai haƙuri, su tafi. Ya sa na maimaita kalmomin, ya rubuta su a bayan wata takardar sayen taki.

Washegari da hantsi na ji motoci. Su goma sha huɗun ne, har da wata tsohuwa mai keken guragu da aka ɗauko daga gidan tsofaffi. Sun kwaso kujerun ƙarfe daga coci suka jera a falon. Kowa ya shigo sai ya cire takalmi, don Irma ta gaya musu a nan nake salla, ya tsaya a gabana ya duba 'yar takarda a tafin hannunsa, ya ce, "Sai hakuri." Wasu sai sun gwada sau biyu. Sannan suka zauna. Ba wanda ya yi mini wa'azi. Kwana uku suna zuwa, kuma kwana ukun Walter ne ya tsaya a madadina wajen tatsa, da ƙafarsa mai ciwo.

Na yi ta amsa musu, ina cewa na gode. Na san abin da suke yi babba ne, na san ya kamata wani abu ya motsa a ƙirjina. Abin da na iya kawai shi ne kallon safarsu. Wani tasa ta huje a babban yatsa, yana ta ƙoƙarin ɓoye ta a bayan ɗaya ƙafar.

Haka watan ya wuce. Ina tatsa, ina salla, ina yi wa Baffa addu'a bayan kowace salla kamar mai biya karatun da ya haddace. Ina cin abinci ba na jin gishiri. Inna in mun yi waya sai mu gaisa, ta ce ya sanyi, in ce ya haƙuri, sai shiru, sai katin ya ƙare.

A ƙarshen Fabrairu Walter ya faɗi a bakin matakalar coci yana share ƙanƙara. Kwana biyu ya yi a asibiti. Ina rumfar shanu na ji ƙararrawar ta fara, a hankali, tsakanin bugu da bugu kamar numfashi uku. Kurt ne ke ja. Na ajiye bokiti na ƙirga har tamanin da huɗu, sannan na ɗauki bokitin.

Ƙasa ta daskare kamar siminti. Aka kifa wani dogon murfin ƙarfe a kan wurin kabarin, aka kunna gas a ƙarƙashinsa kwana guda don ta saki. Motar haƙa ta yi nata, amma kusurwoyi da gindin sai da hannu, kuma wannan aikin Walter ne yake yi shekara hamsin. Kurt ya tsaya a bakin ramin riƙe da shebur, ya kasa shiga. Sauran duk tsofaffi ne. Na karɓi shebur ɗin na shiga. Na daidaita bangon, na share gindin, na fitar da duwatsu. Ƙasar tana da ɗumi a sama, ƙasa kuma sanyi. Ina ciki na tuna ban san wa ya shiga kabarin Baffa ya karɓe shi ba. Na ce zan tambayi Hamidu. Ranar binnewa na tsaya daga wajen shinge har suka gama.

Bayan sati biyu suka yi taro, suka ɗaga hannu a kan rufe cocin. Irma ta ce ba a yi gardama ba, babu wanda ya rage da zai hau tsani ya gyara rufi. Za a ba gidan tarihi na gunduma kundayen, ƙararrawa a sauke ta a ajiye a maƙabarta, ginin kuma wani yana so ya saya ya zuba hatsi. Lahadin ƙarshe motoci sun cika har bakin titi, jikoki daga birane, ana ta ɗaukar hoto. Ta tagata na ji sun yi waƙa ɗaya da Jamusanci, muryoyi uku ko huɗu ne kawai suka san kalmomin.

Ana jibi zan tafi, Irma ta kira ni in riƙe mata fitila. Ta buɗe kundin ƙarshe, shafin ƙarshe da aka yi rubutu. Ta rubuta sunan yayanta da kwanan wata. Ta zo gurbin wanda ya haƙa kabari.

"Faɗa mini harafi harafi," in ji ta. "Da sunan mahaifinka. Da garinku. Haka ake rubutawa tun farko."

Na faɗa mata. Ta rubuta Fulatan, ta busa tawadar, ta rufe kundin. Ta ce in gaishe da mahaifiyata. A tashar bas Kurt ya miƙo mini hannu, ya ce in na so dawowa zai nema mini hanya. Na ce to. Mu duka mun san ba zan dawo ba.

Na sauka Kano cikin zafin bazara. Na hau mota zuwa Karaye, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni. Gida ya cika da masu sannu da zuwa da masu ta'aziyyar da ba su same ni ba. Samari suna tambaya yaya Amurka, da gaske ne kowa da motarsa, akwai hanya? Na ce akwai sanyi. Suka yi dariya suna jiran sauran. Ban san yadda zan ce musu na yi shekara guda cikin tsofaffi goma sha huɗu da maƙabarta ba.

Da la'asar Hamidu ya kai ni kabarin. Tudun ƙasa ne da ƙaya a kai, da fasasshen tulu a wajen kai. Ya ce shi da Kawu Sale suka shiga suka karɓe shi. Na durƙusa na yi addu'a. Na jira. Ƙafata ta gaji, na tashi.

Washegari da safe na tarar da Inna a garke tana tatsa. Tun ina yaro Sanda take kirana. Na karɓi ƙwaryar na tsuguna, ta koma gefe ta riƙe maraƙin. Hannuna ya manta, sai da na yi kamar sau biyar nonon ya fara zuwa. Ina cikin tatsa, sai ta yi magana da Fillanci, ba ta dube ni ba.

"Sanda, ba zazzaɓi ba ne. Tun zuwan farko likita ya gaya mana. Baffanku ya tara mu ya ce duk wanda ya gaya maka bai yafe ba."

Na ci gaba da tatsa.

"Ranar Laraba ya daina gane mutane. Yana ta kiran sunanka, yana cewa a buɗe maka shinge ka shigo da shanu. Wayar tana hannuna. Sau uku na sa aka nemo mini lambarka, sau uku na ce a bari." Ta gyara riƙon igiyar. "Da ka ji muryarsa ko ba ya gane ka. Ni na hana ka. Ka yafe mini."

Na ce, "Ba komai, Inna. Ba ku yi laifi ba."

Na ji muryata lafiya lau. Na sa hannu zan ci gaba, sai na ga yatsuna sun ƙi rufuwa. Na sake gwadawa, suka ƙi. Ƙwaryar ta fara karkarwa a tsakanin gwiwoyina, nonon yana zuba a ƙafata. Inna ta saki maraƙin, ya ruga wajen uwarsa. Ta zo ta zare ƙwaryar daga hannuna ta ajiye a ƙasa, ta zauna kusa da ni a cikin turɓayar garken. Ranar ba mu kai nono gida ba.